Dala 640 ta tafi, ku yi hattara da masu tallar firaima a intanet

Jama'a, musamman 'yan uwanmu na nan Amurka masu shiga daji, wani mai tallar firaimar harsashi a intanet ya cuce ni dala 640. Kwana tara ke nan, har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi.

A Anchorage ta jihar Alaska nake zaune. Duk shekara ina zuwa kamun kifin salmon a yankin Kenai, kuma wanda ya san wajen ya san beyar na saukowa bakin kogi neman kifin da kai ma kake nema. Shi ya sa nake rataya bindiga .44 Magnum, kuma da hannuna nake ɗura harsasaina: kwanso, albarushi, dalma mai nauyi da tauri, sai firaima, ɗan abin nan da ke gindin harsashi wanda in babu shi komai ba zai tashi ba. Shekara shida ina wannan aikin, ni ba sabon shiga ba ne.

A 2020 firaima ta yi wuya, mu na Alaska kuma namu ya fi, domin kayan haɗari ce, ba a saka ta a gidan waya, kuma yawancin shagunan sauran jihohi ba sa turowa nan. Na san wannan. Wallahi na sani. Shi ne ma abin da na fara tambayar mai tallar.

Ranar Talata ya kira ni, ko Laraba, ina cikin mota a gaban wajen aiki. A'a, saƙo ya fara turowa, bayan na cike fam a shafin nasa, daga baya ya kira. Na ce masa ta yaya kayan za su iso Alaska? Ko numfashi bai ja ba ya ce yana da mai kawo masa ta jirgin ruwa daga Tacoma ta jihar Washington. To gaskiya ne kayanmu da yawa daga can suke zuwa. Sai ya tambaye ni nauyin dalmar da nake ɗurawa, na ce giren 300 (giren shi ne ma'aunin nauyin dalmar harsashi), ya ce kenan firaimar magnum nake so, ba ta gama-gari ba. Wannan maganar ce ta kama ni. Na maimaita ta a raina ya fi sau ɗari. Mutumin da ya san bambancin nan, wa zai ce ɓarawo ne?

Kwali huɗu, kowanne guda 1,000, a kan dala 130. Dala 520 ke nan. Ya ɗora 120 kuɗin kayan haɗari. 640. Ya ce na'urar katinsa ta lalace, in tura ta manhajar banki kai tsaye. Na tsaya, yatsana a kan waya, na yi jim, sannan na danna. Uwargida ma ta ce in bari sai gobe, amma wannan tun daren da ya gabata ne, kafin kiran.

Lambar bin sawun kaya da ya ba ni ba ta nuna komai. Bayan kwana uku ya ce kaya sun maƙale, in ƙara 200 na inshora. Nan jikina ya yi sanyi. Na ƙi, ya toshe ni. Banki suka ce ni na tura da hannuna, ba abin da za su yi. Hotunan kwalayen ma ashe daga wani shafin ya kwaso, adireshin shagon kuma fili ne babu gini.

Duk saƙonninmu da rasit ɗin 640 ɗin suna wayata, zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna. Na kai ƙara shafin IC3 na FBI, inda ake kai ƙarar zambar intanet.

Wanda ya ƙi karɓar kati, kar ka ba shi ko sisi. Firaima ka je shago ka gan ta da idonka.