Kafin ka sayi ƙaramar laftof mai araha, duba ko za ta iya ɗaukar sabuntawa

Ƙananan laftof ɗin nan marasa nauyi, masu allo inci 11 ko 14, suna da farin jini a shagunan Farm Centre a Kano da Banex a Abuja. Batirinsu yana daɗewa, kuɗinsu bai kai na manyan ba, shi ya sa iyaye ke saya wa yara, ɗalibai kuma ke rububinsu. Mai saye yakan tambayi RAM, ya tambayi batir, ya manta da girman ma'ajiyar da ke ciki, alhali ita ce za ta nuna ko kwamfutar za ta ci gaba da karɓar sabuntawa ko za ta tsaya cak bayan 'yan watanni.

Windows tana turo gyaran tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, sannan lokaci-lokaci ta turo babban sauyi. Babban sauyin nan yana cin wuri sosai. Sai an sauke shi, an warware shi, sannan a ajiye tsohuwar Windows a wata jaka mai suna Windows.old har kwana 10, ko da za ka so komawa baya. Tun 2019 kuma Windows kan keɓe wa kanta kimanin 7GB saboda wannan aiki. To ka ɗauki laftof mai 32GB, irin tsofaffin HP Stream. Idan ka buɗe, abin da za ka gani bai wuce 29GB ba, Windows ta riga ta cinye mafi yawansa. Ka sa Chrome, ka sa Office, ka zuba 'yan hotuna, sai layin ma'ajiya ya koma ja. Daga nan sabuntawa za ta fara sauka, ta kai wani wuri ta ce babu fili, washegari ta sake farawa. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan asara ce biyu: data ta tafi, kwamfuta kuma tana nan a buɗe ga ƙwayoyin cuta da masu kutse.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne irin ma'ajiyar. A yawancin waɗannan kwamfutoci eMMC ce, irin ta wayar hannu, an manne ta da dalma a jikin allon na'ura. Mai gyara ba zai cire ta ya sa maka babba ba.

Saboda haka shawarata a kan Windows mai 32GB gajeriya ce: kar ka saya, ko da an yi maka ragi. Windows 11 ba ta yarda da ƙasa da 64GB, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoban 2025. A lokacin an ba da ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista, amma ba a sayen kwamfuta saboda wa'adi irin wannan.

Mai 64GB da Windows 11, wadda galibi ke zuwa da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Celeron N4020 ko N4500 da RAM 4GB, tana iya aiki, amma da sharaɗi. Hotuna da bidiyo da fayilolin karatu su koma kan memori ko filash, cikin kwamfutar ya zama na manhajoji kawai. Ka kunna Storage Sense, wani saiti na Windows, ta riƙa share tarkace da kanta. Ka ajiye filash mai fili aƙalla 10GB, domin idan wuri ya ƙure Windows tana iya aron filin filash ɗin ta kammala sabuntawa. Wasu samfuran suna da gurbin M.2 da babu kowa a ciki, wanda za a iya sa SSD, wato ma'ajiyar da ake cirewa a canza, daga baya. Idan mai shago ya ce akwai, ka roƙe shi ya kwance murfin ƙasa ka gani da idonka, don samfuri biyu masu suna ɗaya kan bambanta a ciki.

Chromebook kuwa, laftof mai aiki da tsarin ChromeOS na Google a maimakon Windows, wani gini ne daban, kuma a maganar sabuntawa ta fi Windows sauƙin kai a kan ƙaramar ma'ajiya. An riga an ware mata wuri biyu a ciki: tana aiki da ɗaya, sabon tsarin yana sauka a ɗayan, da ka kashe ka kunna sai ta koma kan sabon. Ko mai 32GB ba ta cika kukan rashin fili ba. Sai dai kowace Chromebook tana da ranar da Google za ta daina turo mata sabuntawa. A Satumban 2023 Google ta ce samfuran da suka fito daga 2021 za su samu shekara 10, amma da yawa daga na hannu da ake shigowa da su sun girmi haka. Kafin ka biya, shiga Settings, ka taɓa About ChromeOS, sannan Additional details, za ka ga wata da shekarar da wa'adinta zai ƙare. Ka kuma lura da allon shiga. Idan ya nuna cewa wata makaranta ce ke kula da na'urar, ka ajiye ta, domin an kulle ta ga wannan makaranta, goge ta ba ya cire kullen. Ka sani kuma Chromebook ba ta buɗe manhajojin Windows. Ɗalibin da ke son manhajar gwajin JAMB ta kwamfuta, ko mai shagon da ke aiki da CorelDRAW, ba tasa ba ce. Ta fi dacewa da mai rubutu, bincike da kallon darasi, wanda intanet ba ta yi masa wuya.

Ni dai in kuɗin ya kusa kaiwa, na fi son a ƙara kaɗan a sayi ta hannu irin ta ofis: Lenovo ThinkPad T480, Dell Latitude 7490 ko HP EliteBook 840 G5. Duk na wajen 2018 ne, kuma suna da SSD da ake cirewa, yawanci 256GB, RAM ɗinsu ma ana ƙarawa. Sun fi nauyi, batirinsu ya sha aiki, wannan gaskiya ne, amma ana samun batir a canza. Abin dubawa shi ne lambar firosesa. Windows 11 tana son Intel zubi na 8 zuwa sama, da kuma ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Idan ka ga i5-8250U ko i5-8350U, wato 8 ce ta biyo bayan i5, zubi na 8 ke nan, ka dace. Idan i5-6300U ce ko i5-7300U, to ba ta cikin jerin, kuma wasu daga cikin waɗannan samfuran an yi su da zubi na 7, don haka suna kaɗai bai isa ba. Za ka iya tarar da Windows 11 a kan tsohuwar firosesa saboda an tsallake sharuɗɗan wajen sawa, irin wannan kuwa Microsoft ba ta ba da tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa ba.

Wanda ya riga ya mallaki mai 32GB, kar ya jefar. Ana iya cire Windows a sa wani tsarin a madadinta: Linux Mint tana shiga a 20GB, kuma Mint 22 tana da tallafi har 2029. ChromeOS Flex, wadda Google ta fitar kyauta a 2022, tana neman 16GB da RAM 4GB. Dukansu ana iya gwada su daga filash ba tare da an goge komai ba. Ka fara tabbatar da cewa Wi-Fi da sauti da allon rubutu suna aiki, ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri, sannan ka bari a sa.