'Yar ƙaramar mota ta rage mini kuɗin mai, gareji ya karɓe ragowar

Duk mai mota a Zariya ya san abin da ya sami aljihunsa tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake dubu. Wasu suka jingine motocinsu a gindin bishiya suka koma babur. Wasu kuma, irina, muka bazama neman 'yan ƙananan nan da ake ta yabo ba sa shan mai, su Picanto, i10, Alto da Yaris. Golf 3 nake hawa a lokacin, mai injin 1.8, wadda makanikai suka daɗe da mayar wa kafireto. Na sayar da ita, na yi ciko mai nauyi na karɓi wata 'yar Koriya, Beljiyam, ƙirar 2014, silinda uku, injin lita ɗaya. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Dillalin ma na rufa masa asiri, albarkacin maƙwabtaka.

Maganar mai dai babu ƙarya a ciki. A Samaru nake zaune, aiki yana Tudun Wada, ga kai yara makaranta, ga cefane. Man da Golf ke shanyewa kafin tsakiyar mako, wannan yana kai ta ƙarshen mako har da saura. Tankinta lita 35 ne, na Golf 55, amma zuwana gidan mai ya ragu har yaran da ke zuba mini suka fara tambaya ko tafiya na yi. Esi yana aiki, wanda a zafin Afrilu ba ƙaramar ni'ima ba ce. Sitiyarin na lantarki ne, da yatsa biyu kake juya shi. Lungunan cikin birni da nake shakkar shiga, wajen Babban Dodo da Kwarbai, yanzu sai in kutsa in fito lafiya. Har na fara yi wa abokai wa'azi a majalisa, ina cewa duk mai riƙe da tsohuwar mota gidan mai yake yi wa bauta.

Sai damina ta yi nisa.

Wani yammaci a watan Agusta aka sheƙa ruwa, na ɗauko uwargida da yara daga gidan suna. A hanyar Basawa akwai ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya, ranar ma bai kai rabin taya ba. Keke Napep na wucewa, 'yan acaɓa na ɗage ƙafa suna wucewa, wata tsohuwar Starlet maƙare da fasinja ta ratsa a gabana tana tuƙa hayaƙi. Na bi sahunta a hankali, a giya ɗaya. Mun fita daga ruwan ƙalau. Ba mu yi nisa ba wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, injin ya soma kakkarwa, na taka totur ya ƙi amsawa, sai ɗif. Na murɗa makulli, injin na juyawa, batir da ƙarfinsa, amma tashi babu. Samarin unguwa, Allah ya yi musu albarka, suka zo muka tura, don a wajen Golf turi maganin rabin ciwo ne. Wannan ko gezau. Uwargida ta tattara yara suka shiga Keke cikin yayyafi, kuma abin da ta faɗa kafin ta shiga har yau yana yi mini ciwo: "Malam, da Golf ce da tuni muna gida."

Washegari na kira bakanikena, dattijon da ya koyi aiki tun zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kakuri, Kaduna. Mutumin da ke gane ciwon Golf daga ƙarar injin tun ba ka kashe ta ba. Ya buɗe bonet ya daɗe yana kallo, ya kwance fulogi ukun ya goge ya mayar, ya kasa kunne ya saurari famfon mai, sannan ya share hannu da tsumma ya ce, "Malam, gaskiya wannan ba tawa ba ce. Sai an sa mata kwamfuta." Na ji daɗin gaskiyarsa, don wanda ya biyo bayansa bai san ta ba.

Wani ɗan rewaya aka haɗa ni da shi, yaro mai zaƙin baki, ya ce ba sai an kashe kuɗin kwamfuta ba, irinta ya gyara ba adadi. Aka ja motar da igiya zuwa garejinsa. Kafin in dawo daga sallar azahar ya feɗe wayoyin da ke shiga ƙwaƙwalwar motar, yana ɗana musu ƙwan fitila ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa fankar lagireto kai tsaye da makulli, ya ciro tamosta, wadda ke daidaita zafin injin, ya ajiye a kan dutse, wai kayan ƙasar sanyi ce, ba ta da aiki a nan. Irin wannan ake yi wa tsofaffin motoci kullum a garin nan, su kuma su haƙura. Sabuwar ba ta da wannan haƙurin. Ƙwaƙwalwarta zafin injin take aunawa kafin ta yanke yawan man da injekta za ta fesa, in kuwa injin bai taɓa kai zafinsa ba sai ta yi ta ƙara mai, tana jiran ya ɗumama. Wato abin da na saye ta dominsa shi yaron nan ya fara kashewa, motar kuma ba ta tashi ba. Da la'asar ya same ni da fuskar tausayi, wai ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, in kawo kuɗi a sayo wata. Kuɗin da ya ambata ya isa a sayi injin Golf sukutum, a ɗora, a ba yaran gareji na shayi.

Wani abokin aikina ne ya ce kada in ba shi ko sisi. Ya turo mini wani matashi mai na'urar dubawa, 'yar aba da ba ta wuce tafin hannu ba. Ya soka ta a ƙarƙashin sitiyari, ya duba wayarsa, kafin shayin da na saya masa ya huce ya ce sansar kiranshaf ce, wadda ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda injin ke juyawa. In ta yi shiru, ba wuta a fulogi, ba mai a injekta. Soket ɗinta dama a tsage yake, ruwa ya samu hanya ya ƙarasa ta. Ƙwaƙwalwa kuwa lafiyarta ƙalau. Ya kuma leƙa ƙarƙashin motar ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, ai an cire indomin salansar nan tun kafin a sayar maka." Indomi ita ce matatar da ke tace hayaƙi a cikin salansa. Dillali kuwa har rantsuwa ya yi mini cewa ko noti ɗaya ba a taɓa kwancewa ba tun da aka sauke ta daga jirgi.

To, an gano ciwo, saura magani, a nan ne na sha wahalar gaske. Abu ne ɗan mitsitsi da za ka jefa a aljihun riga. Na bi masu kayan gyara na Sabon Gari da Tudun Wada shago-shago, kowa ya karɓa ya jujjuya ya miƙo mini abata. Ta Golf akwai, ta Corolla akwai kala-kala, ta Honda akwai, ta Peugeot 406 har zaɓi ake ba ka tsakanin sabuwa da Beljiyam. Ta wannan babu. Aka aika Panteka a Kaduna, babu. Aka samo wata a Ƙofar Ruwa a Kano, direban motar haya ya kawo, aka zo ɗaurawa bakin soket ya ƙi shiga, ashe ta mai silinda huɗu ce, mai shagon kuma ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Ƙarshenta sai daga Ladipo a Legas, bayan an tura hoto da lambar jikin mota, na biya ban gani ba, na biya kuɗin kawowa. Duk tsawon wannan lokaci motar na zaune a gareji kaji na kwana a ƙarƙashinta, ni kuma ina bin Keke daga Samaru zuwa Kwangila, in sauka in nemi wani. Da na zauna na haɗa lissafi, kuɗin ja, ɗan rewaya, gyaran ɓarnar ɗan rewaya, sabuwar tamosta, sansar da ba ta yi ba da wadda ta yi, ga kuɗin Keke, sai na ga ribar man da nake tinƙaho da ita a majalisa ta tafi kaf, har da ciko.

Ba wai Golf ba ta lalacewa ba ne. Mota ce da aka fara ƙerawa a 1991, 'yar autarta ma ta haura shekara 25, dole ta riƙa neman gyara, kuma ta fi wannan yawan nema. Amma duk inda ta tsaya, Giwa ce, Tashar Yari ce ko Jaji, akwai mai sifana a gindin bishiya da ya san ta ciki da waje, akwai kuma wata Golf da ta mutu a bayan gareji wadda za a ciro kaya a jikinta. Gari guda ne ke riƙe da ita. Haka tsohuwar Starlet, wadda Toyota ta daina ƙerawa tun 1999 amma har gobe tana ɗaukar fasinja. Masu murnar an dawo da sunan a 2020 kuma su sani Suzuki Baleno ce ƙirar Indiya aka manna wa tambarin Toyota, ba jikar waccan ba ce.

Duk da haka ba zan ci haƙƙin 'yar ƙaramar ba. Bayan gyaran mun taso daga Kaduna, wajen Birnin Yero, kwalta a jiƙe, shanu suka faɗo titi ba zato. Na danne birki iya ƙarfina, na ji feda na bugun tafin ƙafata, motar ta tsaya a miƙe ba ta karkace ba. Aikin ABS ke nan, yana sakin taya yana kamawa don kada ta ƙulle. Golf ɗina ba ta da shi, na kuma san da tayoyi sun ƙulle sai inda santsi ya kai mu. Ga jakar iska biyu a gaba, ga bel a kujerun yara. Nan take na yafe mata zancen sansa, na ce wa uwargida mai rai ai shi ke biyan bakanike.

Yafiyar dai ba ta daɗe ba. Nauyin motar bai kai tan ɗaya ba, don haka duk tirelar da ta gifta mu sai iskarta ta kaɗa mu, kana riƙe da sitiyari hannu biyu kana salati. In mutum biyar ne a ciki, kafin ka wuce tanka sai ka kashe esi ka sauko giya, injin na ihu. Bam-bam ɗin da ake ginawa a unguwanni kuwa kowanne sai cikinta ya goga, har na koyi hawa a karkace. Da kaka ta yi na je ƙauye wajen Soba ɗauko masara, but ɗin buhu ɗaya ya cika shi, sauran sai da na yi musu hayar a-kori-kura, abin da ban taɓa yi ba da Golf, wadda nake kwantar wa kujerar baya in loda ta zauna da gindi ta kawo ni gida. Baƙin mai ma ba ta shan mai kaurin nan 20W-50 da ake aunawa a gefen titi, sai siriri irin 5W-30, shi kuma farashinsa daban, jabunsa ma ya fi na gaske yawa a ganina.

Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Samaru zuwa Kongo ba, iyalinsa kaɗan, yana da lambar mai kwamfuta a waya, kuma zai iya tsayawa a kan motar duk ranar da aka buɗe bonet, ya saya, zai ji daɗin aljihunsa. Mai gona da mai yawan hanyar Funtuwa ko Kano ya riƙe tsohuwarsa, ko ya nemi Corolla in kuɗinsa sun kai. Ni yanzu madubin gefe nake nema. Ɗan acaɓa ya fasa shi a cunkoson PZ ya ƙara wuta, madubin kuma na lantarki ne, an ce shi ma sai Legas. Na ɗaure na wata mota da roba ina lallaɓawa. Ɗan rewayan nan kuwa har yau yana aiko yaronsa gida, wai akwai cikon kuɗin aikinsa.