GARGAƊI: Mai "koyar da alkafura a sama" ya cinye mini jika 850 a nan Maraɗi

Jama'a assalamu alaikum. Jika 850. Sefa 850,000, kuɗin gumina, wani ɗan damfara ya kwashe da sunan zai koya mini tashi da laima mai inji, wadda ake kira faramoto, har da wasan alkafura a sama. Na so in haɗiye maganar nan saboda surutun mutane, to sai jiya wani yaro daga Tibiri ya zo shagona sayen buji, bakinsa har kunne, wai ya samu malamin tashi a WhatsApp, har ya fara tara jika 150 na rajista. Jika 150, daidai abin da aka fara karɓa a hannuna. Shi ya sa nake rubuta wannan, duk mai dariya ya yi.

Kuma tun kafin ku fara "ai kwaɗayi ne", ku tsaya ku ji. Ni ba yaro ba ne, ba kuma baƙon inji ba ne. Kayan babur nake sayarwa, ina gyara, hannuna ya tsufa cikin baƙin mai. Mutumin nan ban ba shi ko dala ba sai da na yi masa tambayoyin da ɗan koyo ba zai iya amsawa ba. Na ce wane inji ne? Ya ce Moster 185, ƙirar kamfanin Vittorazi na Italiya, mai bugu biyu, ƙarfin doki 25, iska ke sanyaya shi, bel ne ke juya farfela. Na ce yaya ake gauraya mai? Ya ce kashi 2 zuwa 2 da rabi na man inji cikin 100 na fetur. Na koma gida na bincika, wallahi duk haka yake. To ku gaya mini, wa zai ji wannan ya ce ɓarawo ne? Ɓarawon da ya yi karatun sana'arsa, wannan ai ko ɗan sanda sai ya faɗa.

Ga yadda kuɗin suka fita, don kada wani ya ce ƙari nake yi: jika 150 rajista, jika 400 kafin alƙalami na inji da laima na hannu da zai kawo mini daga Turai, jika 200 wai kuɗin duwan, jika 100 wai takardar izini da inshora. Ku haɗa. Jika 850. Rasiɗan aika kuɗin suna nan a aljihuna, zan ɗora hotunansu, da hirarmu gaba ɗaya, da saƙonnin muryarsa, in na rufe lambobin mutanen da ba ruwansu.

Ba a waya kaɗai muka tsaya ba, wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai. Ya zo Maraɗi da ƙafarsa. Na ɗauke shi a babur ɗina da sassafe muka fita bayan gari, hanyar Madarunfa, muka samu fili da aka gama girbi. Ya sauke wata babbar jaka, ya shimfiɗa laimar a ƙasa, ja da fari, faɗinta ya kusa mita goma. Ya warware igiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa, bai yi gaggawa ba, ya ɗebi ƙasa ya watsa don ya ga inda iska ta dosa. Ya ɗaura mini kujerar ɗamara, ya saka mini igiyoyin birki a hannu biyu, ya tsaya bayana ya ce, "Alhaji, kada ka ja da ƙarfi, ka bar ta ta zo da kanta." Sai laimar ta cika da iska, ta taso, ta tsaya saman kaina tana jana sama har dugadugaina suka ɗaga. Ya tafa ya ce, "Wallahi Alhaji jininka na tashi ne, ban taɓa ganin wanda ya riƙe ta haka ranar farko ba." A filin nan, ƙura a goshina, na ce masa zan aiko da jika 400 kafin la'asar. Na aika.

Kullum sai na dawo kan wurin nan. "Ka bar ta ta zo da kanta." Na ji nauyinta a kafaɗuna, jama'a, ba hoto ba ne, ba bidiyo ba ne. Laima ce ta gaske ta tashi a hannuna. Wane mai hankali ne zai ce ƙarya ce bayan wannan?

Injin ne dai ban taɓa gani ba. Ranar ya ce ya bar nasa a Yamai ana canza masa farfela. A'a, na tuna, maganar farfela daga baya ce, ranar cewa ya yi motar haya ta ƙi ɗaukar inji saboda warin fetur. Farfelar ta zo lokacin da na fara matsa masa, bayan jika 200 na duwan. Ko kafin nan ne? Kai, ƙaryar tasa ta yi yawa har ta cakuɗe mini, amma duk tana cikin waya, za ku gani da kwanan wata. Abin da na tabbata, farko cewa ya yi kayan suna Kwatano, na ce ai tun 2023 da aka rufe iyakar Benin kaya ta Lome da Burkina suke biyowa, ni ma kwalayena ta can suke zuwa. Bai ko girgiza ba, ya ce, "Ai shi ya sa kuɗin suka ƙaru, yallaɓai, an karkatar da su Lome." Kun ga irin mutumin? Da maganata ya ɗaure ni.

Alƙawarin da ya yi shi ne cikin kwana goma zan tashi ni kaɗai, kafin wata ya cika zan fara lilo a sama, wanda laima ke wurga mutum dama da hagu har ya haura samanta, sannan juyin da ake saukowa ana kewayawa da gudu, daga nan alkafura. Ya turo mini bidiyoyi, mutum sanye da hular kwano yana birkicewa saman ruwa shuɗi, ya ce shi ne. Ya turo hotunan tudun rairayin Tenere daga sama ya ce shi ya ɗauka. Daga baya aka nuna mini irin hotunan nan, na wani Ba'amurke ne mai ɗaukar hoto, George Steinmetz, wanda ya yi shawagi da laima mai inji a hamadar Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Bawan Allah yana can bai san ana cin kasuwa da aikinsa a Maraɗi ba.

Wanda ya buɗe mini ido abokin ƙanena ne da ke zaune a Faransa, yana tashi da abin nan da takardarsa, don can sai ka ci jarrabawa kafin a bar ka. Na tura masa saƙon murya ina alfahari, wai nan da wata ɗaya zan yi alkafura. Ya kira ni nan take, ya ce, "Yaya, don Allah wa ya gaya maka haka? Kashe ka zai yi." Ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce ɗan koyo a ƙasa yake daɗewa, yana ɗaga laima yana sauke ta, har hannunsa ya san ta ba tare da ya ɗaga kai ba. In ya fara tashi, malami yana ƙasa da rediyo yana gaya masa abin da zai yi, kuma da sanyin safiya ko dab da magariba, lokacin da iska ta kwanta. Da rana tsaka ƙasa ta yi zafi, iska na tasowa da ƙarfi, tana iya naɗe laima a sama. Na ce to mu da muke da guguwa a bazara, da hunturu mai ƙura? Ya ce kai ma ka faɗa.

Wasan kasada kuwa, ya ce ko waɗanda suka shekara suna tashi ba sa fara shi saman busasshiyar ƙasa. Akwai horo na musamman da ake kira SIV, inda ake koya wa mutum yadda zai ceci kansa in laima ta naɗe ko ta daina ɗaukarsa. Saman ruwa ake yi, da tsayi sosai, kamar tafkin Anesi a Faransa ko bakin tekun Oludeniz a Turkiyya, mutum na sanye da rigar ruwa, kwalekwale mai inji na jira a ƙasa, ga laimar ceto a jikinsa wadda ake warwarewa a sake naɗewa aƙalla sau ɗaya a shekara. Juyin nan na saukowa da gudu, nauyin mutum yakan ninka sau uku ko huɗu, jini ya bar kai, ido ya yi duhu, wasu su suma, laimar kuma ta ci gaba da juyawa har ƙasa. Kuma su laimomin aji-aji ne, daga A zuwa D, ɗan koyo A ake ba shi saboda ita ke saurin gyara kanta. Na tambayi ɓarawon nan ajin laimarsa? Na tambaya mana. Ya ce "ta ƙwararru ce, Alhaji, ba na ba ɗalibaina kayan yara." Ni a lokacin yabo na ji. Laimar ceto kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba, a duk hirar da muka yi, na koma na duba, babu.

Da na ce masa an ce saman ruwa ake koyo, sai ya ce ai ga tafkin Madarunfa nan, can za mu yi. Tafkin Madarunfa! Dab da iyakar Najeriya, cikin halin tsaron da ake ciki, mutum ya tashi da abu mai ƙara saman kan jami'an tsaro ba tare da sun sani ba. Takardar izinin da na biya jika 100 dominta, hoto ya turo mini, da hatimi shuɗi da sa hannu. Da na nuna wa wani da ya san aikin ofis sai ya kwashe da dariya, ya nuna mini kuskuren rubutu har a sunan hukumar. Jika 100 na sayi hoton takarda.

To ga abin da ya sa hankalina ya kwanta tun farko, kuma ina so masu ce mini wawa su karanta nan da kyau. Ya bar mini laimar jingina. Ya ce, "Riƙe ta a wurinka, Alhaji, ta fi miliyan biyu, in na ci amanarka ka sayar." Wane ɗan kasuwa ne a Maraɗi ba zai yarda ba, an bar masa kayan miliyan biyu kan jika 850? Na san sabon kaya cikakke a Turai yakan kai Yuro 8,000 ko fiye, sama da miliyan 5 na sefa ke nan, don haka lissafin ya shiga. Bayan wayarsa ta mutu ne na shimfiɗa ta a tsakar gida, abokin ƙanena yana kallo ta bidiyo. Ya ce in nemi ɗan ƙyallen da ke ɗauke da sunan kamfani, lamba da shekarar ƙira. Na laluba ciki, na samu gurbinsa, an yanke shi da reza, zaren ɗinkin ma yana nan a tsaye. Ya ce in kafa baki a yadin saman, kusa da gaba, in hura. Na hura, iska ta wuce kamar rariya. Yadin ya yi laushi, jan ya koɗe ya koma ruwan hoda, rana ta cinye shi. A igiyoyi na samu wuri biyu da aka ƙulla da hannu. Ya ce irin wannan can kyauta ake ba ɗalibai su yi wasa da ita a ƙasa, ba a tashi da ita, wanda ya tashi da ita ya sayi likkafaninsa.

Wato abin da ya ɗaga dugadugaina a filin nan, har na ce zan aiko da jika 400 kafin la'asar, tsumma ne. Kuma ya sani. Yana tsaye bayana yana tafi, yana "jininka na tashi ne", ya san tsumma ya ɗaura mini. Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba, duniya da lahira. Uwargida ta ce in gode wa Allah da injin bai zo ba, da yanzu ana zaman makoki. Gaskiyarta, na gode, amma jika 850 ɗina fa? Jarin shago ne na taɓa, kayan da zan saro kafin salla ban saro ba.

Na kai ƙara komisariya, na ba su lambobinsa da rasiɗai. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, don sunaye uku na ji ana kiransa da su, kada in ɓata wa mai sunan gaskiya. Amma ga alama: yana kiran kansa kaftin, Hausarsa tana gauraye da Faransanci, yana yawo da babbar jaka da hular kwano, kuma kullum injinsa yana wani gari. Lambar da yaron Tibiri ya nuna mini sabuwa ce, hoton kan lambar kuwa shi ne dai, da hular da komai.

Kada ku aika wa kowa kuɗin rajista. Ba ku ga malami ya tashi da idonku ba, ba ku ga takardarsa da laimar ceto ba, ku riƙe kuɗinku. Maganar izini ku tambayi ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama, a Yamai da kanku. Duk wanda ya ce zai koya muku alkafura cikin wata ɗaya, ɓarawo ne ko mai kisa.

Wanda mutumin nan ya taɓa karɓar kuɗi a hannunsa, a Maraɗi, Tasawa, Damagaram ko Katsina, ya yi mini magana ta saƙo mu haɗa ƙara wuri ɗaya. Hotunan rasiɗan jika 850 ɗin da na laimar suna zuwa da dare in na rufe shago.