Tsinkayen buɗe kwado: saiti biyu da na saya, da gyaran da na yi wa mariƙinsu

Saiti biyu na tsinkayen buɗe kwado ne suka ratsa hannuna tun da na shiga wannan sha'awa, kuma hukuncina a kansu ba shi da tsawo. Ƙaramin ya fi babban, nesa ba kusa ba. Amma a cikinsu babu wanda ya zo da mariƙin da hannu zai iya zama da shi na awa guda ba tare da yatsa ya koka ba. Gyaran mariƙin ya ci mini lokaci fiye da zaɓen kayan, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Ga wanda ya ji maganar ya ɗaga gira: buɗe kwado ba da ɗan makulli ba wasan basira ne da ke da ƙungiyoyi da gasa. A Jamus akwai ƙungiyar masu wannan wasa tun 1997, a Holan kuma aka kafa irinta mai suna TOOOL a 2002. Tun kafin su, a baje kolin duniya na Landan a 1851, wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya buɗe kwadon Bramah da aka daɗe ana alfahari da shi, bayan awa 51 yana fama cikin kwana 16. Ƙa'idojin masu wasan biyu ne kuma ba a sassauta su. Ba ka taɓa kwadon da ba naka ba sai da izinin mai shi, kuma ba ka gwaji a kan kwadon da ake amfani da shi, ko da naka ne, domin tsinke na iya karyewa a ciki ko wani abu ya goce ka rasa hanyar shiga. Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Japan ta hana riƙe irin waɗannan kaya ba da dalili ba tun 2003, a Ingila kuma dokar sata ta 1968 tana kama wanda ya fita da su da niyyar ɓarna. Ka san dokar inda kake kafin ka yi oda.

Yawancin kwadunan da ake koyo da su suna kan tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861. A ciki akwai wata ganga da ɗan makulli ke juyawa, da 'yan ƙusoshi huɗu, biyar ko shida, kowace tana da ta sama da ta ƙasa, sifirin yana danne su. Ɗan makulli yana ɗaga su duka a lokaci ɗaya zuwa layin da gangar za ta sami damar juyawa. Mai tsinke kuwa ɗaya bayan ɗaya yake bin su. Yana sa ƙarfen murɗawa ya ɗan matsa gangar, sai ƙusa ɗaya ta cije kafin sauran, saboda babu masana'antar da ke huda ramukan a kan layi ɗaya cif. Ita za ka lalubo, ka ɗaga a hankali har ka ji ta zauna, sannan ka nemi ta gaba. Ba ka ganin komai. Duk labarin da ke fitowa daga cikin kwadon ta jikin ƙarfe yake biyowa ya iso yatsanka, kuma ta mariƙi yake wucewa.

Babban saitin shi ne irin wanda ya cika kasuwannin intanet: jaka mai zif, tsinkaye fiye da ashirin, da kwadon roba garai-garai da ake ganin cikinsa. Kwadon ya yi mini amfani a ranar farko, don ido ya ga abin da aka bayyana a sama. Bayan haka ba shi da aiki, domin sakwaf yake, ko an hura masa iska zai buɗe, kuma yana koya wa mutum dogaro da ido. Tsinkayen kuwa, araha ba ta ado. An datse su ne da injin bugawa aka zuba a jaka ba tare da gogewa ba, gefensu da kaushi har yana kankare tagullar kwado, kana ciro tsinke ka ga garin ƙarfe a bakinsa. Ƙarfen yana da laushi, ƙugiyar ta lanƙwashe a kan kwado mai sifirin mai ƙarfi kuma ba ta koma daidai ba. Fiye da rabinsu siffofi ne da aka ƙara don jakar ta cika. Mariƙinsu roba ce mai kauri da aka zuba a kan ƙarfen, kuma a wasu ƙarfen bai ma kai ƙarshen robar ba, sai ka ji yana motsi a ciki.

Ƙaramin saitin daga ɗaya daga cikin kamfanonin da masu wasan suka sani ne. Sunayen da za ka fi ji su ne Sparrows na Kanada, Peterson da SouthOrd na Amurka, da Multipick na Jamus. Nawa ya zo da ƙugiya gajera, ƙugiya mai zurfi, mai bakin rabin daimon, manjagara biyu, da ƙarafan murɗawa. Ƙarfen mara tsatsa ne, ka tanƙwara shi kaɗan ya dawo inda yake. A gaskiya gajerar ƙugiyar nan ita ke yin kusan dukan aikin. Manjagara, wadda ake ja da sauri a kan ƙusoshin, tana buɗe kwaduna marasa tsada irin Master Lock lamba 3 cikin ƙiftawar ido, abin burgewa ne a gaban baƙo, amma ba ta koya maka komai, kuma da zarar ka haɗu da kwado mai ƙusoshin tsaro, waɗanda aka yi wa siffa ta musamman don su ruɗi mai tsinke, ta gama yawo.

Abin da ya kamata mai saye ya duba kafin yawan tsinkaye shi ne kaurinsu. Wanda aka saba shi ne inci 0.025, wato kusan milimita 0.6, kuma ya dace da kwaduna masu faffaɗan baki. Makullan ƙofa irin na Turai bakinsu matsattse ne mai karkace-karkace, sai inci 0.018 ko 0.015 ke ratsawa. Siririn yana shiga ko'ina amma ba ya yafe hannu mai nauyi. Mai koyo ya fara da mai kauri, ya ƙara ƙugiya siririya guda ɗaya daga baya. Ƙarafan murɗawa kuma kada a raina su. A ganina sun fi tsinken kansa muhimmanci, musamman shafaffun da ake sawa a saman bakin kwado, waɗanda ke bar wa tsinke fili. Idan saiti bai zo da isassu ba, siririn ƙarfen da ke cikin tsohuwar waifar mota yana yin su da kyau, masu wasan sun daɗe suna lanƙwasa shi.

Kafin mariƙi, baki. Ko tsinke mai kyau yana son samfefa. Na bi nawa da lamba 400, sannan 600, 1000, har 2000, ina bin tsawon ƙarfen ba a gicciye ba, domin ƙarzar gicciye ita ce inda karaya ke farawa. Ba siffar ake canzawa ba, kaifin gefe kawai ake kashewa. Bambancin yana fitowa nan take: tsinken yana sulalewa a ƙarƙashin ƙusoshi, kuma ƙarar gogayya da ke rufe ainihin abin da kake son ji ta tafi.

Tsinkayen ƙaramin saitin ƙarfe ne tsirara daga baki har gindi. Wajen jin motsi babu kamarsu. Wajen riƙo kuwa, ka tuna faɗin gefen bai kai milimita ɗaya ba, kuma a kansa yatsa ke dannawa. Ba a jima ba ya bar mini layi a ɗan ali, hannu kuma in ya yi gumi sai ya riƙa juyawa.

Salatif na masu gyaran wuta shi ne abin da kowa ke fara rarumowa. Yana aiki na ɗan lokaci, sannan gam ɗinsa ya narke ya yi danƙo, ya kwashi ƙura. Ban ba shi maki ba. Ruwan robar da ake tsoma mariƙin kayan aiki a ciki, irin Plasti Dip, yana ba da riƙo mai kyau, sai dai yana buƙatar tsomi da yawa da jiran bushewa, kuma laushinsa yana shanye motsi. Naɗin siririyar igiya yana da kyan gani amma ya fi kowanne kashe ji.

Wanda na zauna a kansa shi ne tiyon roba mai tsukewa da zafi, wanda masu haɗa waya ke rufe mahaɗa da shi. Akwai mai tsukewa zuwa rabi, akwai mai komawa kashi ɗaya cikin uku da gam a cikinsa. Na biyun ya fi, domin ƙarfen shafaffe ne, in babu gam tiyon yana zamewa. A goge ƙarfen da sifirit ya rabu da maiƙo, a yanka tiyon ya ɗan zarce gindi, a busa masa iska mai zafi daga tsakiya zuwa gefe, a matse bakin da filaya tun yana da ɗumi. Kada a kai harshen wuta kusa da siririn wuyan tsinken, zafi mai yawa yana kashe taurin ƙarfe. Rufi ɗaya ya kawar da yankan. Rufi biyu ya fi daɗin hannu. A na uku na fara rasa abin da nake nema.

Inda na tabbatar da haka shi ne a kan American Lock 1100, kwadon da ke da ƙusoshi masu tsaga-tsaga da masu siffar kwarkwaro. Mai tsaga-tsaga tana ba ka ƙas-ƙas na ƙarya kafin na gaskiya, kuma bambancinsu ɗan ƙanƙani ne. Mai kwarkwaro tana sa gangar ta ɗan juya kamar ta buɗe, sannan in ka taɓa ta sai ka ji ƙarfen murɗawa yana turo yatsanka baya. Da rufi uku duk waɗannan sun dushe, kamar mai jin magana ta bayan bango. Da na yanke na koma biyu, suka dawo.

Daga nan na fahimci cewa kauri ba shi ne matsalar ba, laushi ne. Na gwada manna siraran katako biyu a gefe da gefe da gam mai haɗi biyu, na huda na sa 'yan ƙusoshin tagulla, na goge. Ya fi tiyo kauri sosai, amma motsi yana ratsa shi tsaf saboda taurinsa. Wannan ne mafi kyawun mariƙin da nake da shi. Aikinsa dai da yawa, huda ƙarfe mai tauri yana cin bakin abin huji, kuma ban ga dalilin yi wa kowane tsinke ba. Ƙugiyar da ke hannuna kullum ita kaɗai ta samu. Robar nan da ke laushi a ruwan zafi mai digiri 60 a murza ta da hannu ita ma tana da tauri in ta huce, sai dai in aka bar ta a mota cikin rana za ta sake narkewa.

Ko wane iri ka zaɓa, ka tsayar da shi kafin wuya, ka bar ɗan fili na ƙarfe tsirara inda kan yatsa zai kwanta. Ni a nan nake ɗora manuniya, sauran hannun yana hutawa a kan mariƙin. Tiyon kuma yana zuwa kala-kala, don haka na sa baƙi ga masu inci 0.025, ja ga sirara, ba sai na ɗaga tsinke ina auna shi da ido ba. Abu ɗaya da za ka shirya masa: aljihunan jakar da kayan suka zo a ciki an ɗinka su ne don ƙarfe tsirara. Masu rufi biyu suna shiga da ƙyar, mai katakon kuwa sam ba ya shiga, sai da na nema masa kube na daban.