Na'urar Bin Diddigin Jiragen Ruwa A Tasha: Abin Da Za A Duba Kafin A Saya

Matasan injiniyoyi na Abuja da ke son haɗa ƙaramar na'urar da za a ɗauka a jaka domin lura da shige da ficen jiragen ruwa a tashoshin ruwa na Apapa, Tin Can ko Onne suna da zaɓi uku: kyamara, rada, ko na'urar kama saƙon AIS, wato saƙon rediyo da jirage ke aikowa da kansu don sanar da ko su waye da inda suke. Kyamara takan makance da dare ko idan hazo ya sauko. Rada kuwa ga tsada ga zuƙe batir, kuma ba za ta faɗa maka sunan jirgi ba.

Ni dai AIS nake fifitawa. Tun ƙarshen 2004 dokar IMO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen ruwa, ta wajabta wa jiragen da suka kai tan 300 masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe su riƙa sanar da kansu ta rediyo, a kan mita 161.975 da 162.025 MHz. Jirgin da ke tafiya yana aiko da lambar shaidarsa ta MMSI mai alƙaluma tara, da wurin da yake, da gudunsa, da inda ya sa gaba, duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10, idan kuma ya jefa anga sai ya koma duk minti 3. Abin da ake buƙata don kama wannan saƙo bai wuce RTL-SDR (ɗan abin kama saƙon rediyo da ake jona wa kwamfuta), da ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, da eriya mai tsawon santimita 46 ba. Gazawarta ita ce ba ta ganin kwale-kwale, ko jirgin da ya kashe na'urarsa da gangan.

Inda gizo ke saƙa shi ne jabu. An taɓa sayar mini da RTL-SDR mai kwali da tambari irin na asali sak, amma da na buɗe gwangwanin sai na tarar babu TCXO, wato ɗan abin da ke hana mita zamewa idan na'ura ta ɗau zafi. Irin wannan za ta kama tashoshin FM lafiya lau a shago, mai sayarwa ya ce maka ka ji da kunnenka, alhali Abuja ba ta da teku balle jirgin da za ka gwada da shi. Sai ka isa Legas, rana ta take, saƙonni su fara ɓacewa. Saboda haka a sayi mai TCXO daga dillalin da kamfanin da ya ƙera ta ya amince da shi, kuma a karɓi rasit.

Haka batun batir yake. Batirin caji samfurin 18650 na ƙwarai ba ya wuce kimanin mAh 3,500 (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka), don haka duk wanda aka rubuta 9,900 a jikinsa ƙarya ce tsagwaronta. Ɗauke shi a hannu, rashin nauyinsa ma zai tona masa asiri. Akwatin na'urar kuma ya zama mai matakin IP67, wato mai hana ƙura da ruwa shiga, domin iskar bakin teku mai gishiri tana cin ƙarfe fiye da ƙurar hunturun da muka saba da ita. Kafin a shiga da na'urar cikin tasha, a nemi izinin NPA, hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Nijeriya, a rubuce.