Ƙarfen dafawa na banɗaki: wanda ya cancanci kuɗinsa, da abin da ke tumɓuke shi

Duk wanda ya shiga shagunan kayan banɗaki a kasuwar Dei-Dei ta Abuja neman abin da Baba ko Inna za su riƙa dafawa don kada su faɗi, galibi iri biyu za a ciro masa: na ƙarfe da ake ɗaurewa a bango da sukuru, da na roba mai mannewa da tsotson iska.

Na robar ya fi jan hankali saboda ba sai an huda tayil ba. A bar shi a shago. Faifansa ba ya kamawa sai a tayil mai sumul wanda ya fi shi faɗi, kuma da ya hau kan layin da ke tsakanin tayil biyu, iska ta samu hanya. Ko ya kama yau, damshi da sabulu za su sassauta shi a hankali, ba tare da an lura ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa, idan za ta tashi daga masai, duk nauyinta take sakar masa.

Na ƙarfen kaya ne mai kyau in an dace da na gaske. A nemi na ƙarfen da ake kira stainless steel, nau'in mai lamba 304. Mai lamba 201 ya fi araha, a ido ba a bambanta su, amma yana saurin yin tsatsa a wajen walda. Gwajin maganaɗisu da ake yi a shago ba ya raba gardama, domin dukansu ba sa kama shi sosai. Kaurin da ya fi daɗin riƙo shi ne milimita 32 zuwa 38, tazararsa da bango kuma kamar milimita 38: yatsu su shiga, amma damtse kada ya zurma ya maƙale. Mai kaushi a tsakiya ya fi mai sheƙi, don hannu mai sabulu.

Inda kayan ya gaza shi ne 'yan sukurori da fishar roba (wadda ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama) da ke zuwa cikin kwalinsa. Ƙa'idar Amurka ta ce irin wannan ƙarfe ya ɗauki kilo 113, amma bango ne zai riƙe nauyin. Yawancin gidajenmu da bulo mai rami aka gina su, inci 6 ko inci 9. Fisha takan ratsa tayil da filasta da ɗan siririn gefen bulo, sai ta faɗa fanko. In kuma bulon yashi ya yi masa yawa, sai ya riƙa marmashewa duk lokacin da aka ja. Mafita uku ce: a huda bangon gaba ɗaya a sa dogon noti da faranti ta baya, in bayan ɗaki ne da ba a damu da kyansa ba, ko a sa ƙarfe mai zare da gam ɗin kafa noti, tare da ragar da ke riƙe gam a cikin rami, ko a fasa wurin a cika ramin bulon da kankare, a bar shi ya yi ƙarfi kafin a huda. Ta ukun ta fi wahala, ita ce kuma ta fi dacewa idan dama za a sake tayil. Sukurori su zama marasa tsatsa, a kuma cike duk ramukan farantin da ke kowane ƙarshen ƙarfen, ba biyu daga cikin uku ba kamar yadda masu gaggawa ke yi.

A gefen masai na zama, ƙarfen da aka ɗaura a kwance yana zama santimita 84 zuwa 91 daga ƙasa. Masai na tsugune ba ya bin wannan awo: mai amfani da shi ya gwada da kansa, a yi alama inda hannunsa ya kai. Wurin alwala ana yawan manta shi, alhali nan ne tsoho ke tsayawa da ƙafa ɗaya a jiƙaƙƙen daɓe. A sa na tsaye ɗaya a nan, da kujera mai ƙafafun roba.

Wajen huda, a liƙa salatif a kan tayil, a kashe bugun injin hudar har sai bakinsa ya wuce tayil ɗin, in ba haka ba zai tsage. A kauce wa layin da ke saman famfo da ƙasansa, nan bututu ke bi. A zuba silikon a ramukan don kada ruwa ya bi sukuru. Kafin a sallami mai aiki, babban mutum ya kama ƙarfen da hannu biyu ya ja shi ƙasa da waje da ƙarfi. In ya motsa ko kaɗan, a kwance a sake.