Hattara da mai tallan "tayar tsimin mai": sabuwa a ido, faci a ciki

Jama'a, musamman masu mota a Kano da kewaye, akwai wani mutum da ke tallan tayoyi a Facebook da zaurukan WhatsApp da sunan "tayar tsimin mai, kai tsaye daga Turai". Ni na sayi guda huɗu a hannunsa, kuma yau kwana tara ke nan da Allah ya tsallakar da ni da iyalina a hanyar Wudil. Ba zan kama sunansa ba don na riga na kai ƙorafi inda ya kamata, kuma ko na kama ba zai amfane ku ba, tunda sau biyu sunan shafin yana canzawa daga ranar zuwa yau. Salon aikinsa ne bai canza ba, shi zan faɗa muku.

Mutumin ya san inda ke mana ciwo. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura dubu, duk mai mota ya zama mai lissafi. An kashe na'urar sanyaya mota, an rage zumunci, wasu sun jingine motar gaba ɗaya sun koma a-daidaita-sahu. A cikin wannan hali ne wani zai nuna maka bidiyon taya baƙa wuluk tana sheƙi, da takarda mai launi manne a jikinta, ya ce za ta rage maka shan mai da kashi 30 cikin 100, kuma farashinta bai kai rabin abin da aka faɗa maka a shago ba. Na san araha ba ta ado, na sha faɗa wa wasu ma. Amma da abin ya zo kaina sai na ce ai mai kawowa ne da kansa, babu kuɗin shago, babu ɗan tsakiya.

Tayar tsimin mai ba tatsuniya ba ce, kuma wannan ne ya sa ƙaryar take shiga. Duk juyin da taya ta yi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa ya sake miƙewa, wannan lotsawar tana cin ƙarfin inji ta mayar da shi zafi. Tun 1992 kamfanin Michelin ya fito da tayar da aka cuɗa robarta da sinadarin silika don rage wannan asara, sauran kamfanoni suka bi. A Tarayyar Turai, daga Nuwamban 2012 dole ne a manna wa sabuwar taya takardar da ke nuna matsayinta wajen cin mai, da riƙe hanya in an yi ruwa, da ƙara. To amma nawa ne tsimin? Tsakanin tayar da ta fi kowacce kyau a ma'aunin da wadda ta fi kowacce muni, ratar ba ta wuce kashi 7.5 ba. Kai da za ka cire matsakaiciya ka sa mai kyau, in ka sami kashi 2 ko 3 ka gode Allah. Mai shan lita 40 a mako zai tsira da wajen lita ɗaya ke nan. Kashi 30 kuwa sai dai in tura motar za ka dinga yi.

Da na tura kuɗi ya ga alat, sai ya ce, "Alhaji, ɗauri kyauta ne, ka kawo motar wajen yaronmu bayan magariba, da rana yana wani aikin." A lokacin kyautatawa na ɗauka. Yanzu na gane cewa nan ne gadar zaren take. Ba ya so mai facinka na unguwa ya taɓa tayar, kuma ba ya so ka gan ta da hasken rana. Wata rumfa ce a bakin titi, ba wuta, yaron yana aiki da fitilar waya a bakinsa. Tayoyin suna naɗe da leda mai sheƙi, yana yage ledar yana ɗorawa a kan wili, ni kuma mai kayan ya ja ni gefe yana ba ni labarin kwantenar da ke tafe. Da aka gama na ga geji ya nuna 50, na ce ai 30 aka rubuta a jikin ƙofar motata. Ya yi dariya ya ce, "Wannan na tsohuwar taya ne, ranka ya daɗe, ta tsimin mai iska take so." Kuma wallahi makon farko motar ta yi sakayau, sitiyari kamar ana juya faifai. Har na yaba wa wani abokin aikina. Ashe ko wace taya ka ɗura wa iska haka za ta yi, tana tsalle a kan titi kamar ƙwallo, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa.

Mako na biyar muka tashi zuwa Azare gaisuwar rasuwa, ni da uwargida da yara uku. Mun wuce gadar Wudil da kaɗan na faɗa wani ɗan rami, irin wanda nake faɗawa sau goma a rana a cikin gari ban ko waiwaya ba. Ba a yi minti biyar ba sitiyari ya fara kaɗawa a hannuna. Na ɗaga ƙafa daga totur, ban taka birki da ƙarfi ba, na fara gangarawa gefe. Ina cikin sauka daga kwalta tayar gaba ta dama ta yi bindiga. Da a ce ina kan gudun da nake minti ɗaya kafin nan, ga tirela a bayana, da wani ne zai ba ku wannan labari. Na fito jikina yana ɓari, na zagaya, sai ga ta baya ita ma ta yi ƙulu a gefe kamar an cusa mata lemon zaƙi. Safaya ɗaya gare ni. A hankali muka lallaɓa muka koma Wudil, na sayi wata ta wucin gadi, gaisuwar kuma sai ta waya aka yi.

Washegari na kai duka huɗun wajen dattijon da ke min faci shekara da shekaru, wanda na tsallake don kwaɗayin ɗauri kyauta. Bai ce min komai ba sai da ya ciro wadda ta fashe daga wili, ya juya cikinta ga rana, ya ce, "Malam, zo ka ga sabuwar tayarka." Faci ne a ciki, faffaɗa kamar tafin hannu, an manna shi daidai kan gefen tayar, an shafe da baƙin fenti. Daga bakin facin yagewar ta fara.

Na ce, "Baba, ashe ana facin gefe?"

Ya ce, "Ana yi, in ba a tsoron Allah."

Ya ɗauki wuƙa ya yanko min yanki biyu, ɗaya daga inda zane yake, ɗaya daga gefe, ya ɗora min a hannu. Na wurin zanen kauri gare shi, ga wayoyin ƙarfe a jere a ƙarƙashin roba, shi ya sa in ƙusa ta huda nan ana iya toshewa a ci gaba da tafiya. Na gefen kuwa siriri ne, babu ƙarfe, zare ne kawai shimfiɗa ɗaya ko biyu da roba a kai. Kuma shi ne yake lanƙwasa ya miƙe a duk juyi, sau ɗaruruwa a kowace kilomita. Babu gam ɗin da zai jure wannan. Ƙulun da na gani a ta baya, ya ce, zaren ne ya tsinke a ciki, iska ta sami hanya ta turo robar waje, robar kaɗai ta rage tsakaninka da kabari. Ba a gyara ta, ba a sa mata tib a ci gaba, ba a mayar da ita baya wai don ta fi aminci a can.

Daga nan asiri ya dinga tonuwa ɗaya bayan ɗaya. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Nawa duka 1424 suka nuna, wato mako na 14 na 2024. Baba ya sa farce ya kankare wurin, sai ga shi an goge robar da sanfefa an buga sabuwar lamba da ƙarfe mai zafi, har gefen lambobin ya ɗan narke. Ta asali fitowa take tare da tayar daga inji, sumul. Ya wanke fentin da fetur, ƙananan tsage suka bayyana kewaye da gefen kamar faso a dunduniya. Ya sa yatsa a cikin zanen ya ce in nemo masa 'yan tudun nan da kamfani ke sawa a ƙasan zane, masu nuna cewa in taya ta cinye ta kai milimita 1.6 ta gama aiki. Babu ko ɗaya a guda biyu. An bi zanen da wuƙa mai zafi an ƙara masa zurfi, an yanke su, a wani wurin har waya tana leƙowa. Wannan aikin manyan tayoyin tirela da aka ƙera don haka ake yi wa, ba na ƙaramar mota ba.

Ta huɗun ta fi ba ni mamaki. Ita ba a taɓa hawa ba kafin ni, amma wayar bakinta da ke kama wili ta karye a wuri biyu, irin abin da ke faruwa in an matse tayoyi an cusa uku ko huɗu a cikin ɗaya don a rage kuɗin kwantena. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan a rumbunan Legas. Ga kuma hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a jikinta: tayar hunturun Turai ce, da aka yi wa roba mai laushi don sanyin da bai kai digiri 7 ba, ni kuma na ɗora ta kan kwaltar da ke soya ƙwai a watan Afrilu.

Takardar da ta ruɗe ni ma ɗana ne ya gano ta. Daga 1 ga Mayun 2021 Turai ta canza fasalin takardar, matakan suka koma A zuwa E, aka sa lambar QR a kusurwa wadda in ka haska da waya za ta kai ka bayanin ainihin tayar. Tawa A zuwa G ce, babu QR. Tayar da aka ce an yi a 2024 da takardar da aka daina shekara uku kafin nan. A shagon buga kati aka yi ta.

Da na kira mai tayoyin, bai ko daburce ba, alamar ya saba. Ya ce, "Haba Alhaji, ai kowa ya san tayar tsimin mai gefenta laushi ne da shi, don titin Turai aka yi ta. Kai ka faɗa rami." Wannan amsa ita ce garkuwarsa, kuma na ji mutum biyu da ya faɗa wa irinta suka haƙura suka ɗora wa gwamnati laifi. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki: wasu tayoyin tsimin mai na gaske ana rage musu nauyi, zanensu bai kai na sauran zurfi ba, gefen ma ba shi da kaurin na tayar da aka yi don wahala. Ni a ra'ayina, mai bin hanyoyin ƙauye da lodi gara ya nemi mai ƙarfin gefe ya manta da lita ɗayar nan. Amma tayar kirki, ko ta tsimi ce, dole ta ɗauki nauyin da aka rubuta a jikinta. Tawa 195/65 R15 91H ce: 91 na nufin kilo 615 a kan kowace ɗaya, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Mai alamar XL, wato ta ƙarin lodi, ta fi haka ɗauka. Laushin gefe bai taɓa haifar da faci a cikin sabuwar taya ba. Da na tura masa hoton facin, sai ya toshe lambata.

Abin da ya ba irinsa fili shi ne ba ma ƙera tayar mota a gida. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Ikeja a 2008, komai sai an shigo da shi. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma 'yan Beljiyam sun cika gari. Mai sayar da Beljiyam da sunan Beljiyam aƙalla ka san abin da ka saya. Wannan kuwa ya yi mata wanka, ya sa mata sabuwar ranar haihuwa, ya karɓi kuɗin da ya ninka nata.

In har ka riga ka saya a wurinsa, ko a wurin duk wanda ya ce sai yaronsa ne zai ɗaura, kar ka jira Asabar. Ka je wurin mai facinka da rana, a ciro kowace ɗaya daga wili, ka leƙa ciki da idonka, ka shafa gefen ciki da waje da tafin hannu, ka kankari lambar shekarar. 'Yan kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba taya daga ranar ƙira, kuma lambar nan suke dubawa, shi ya sa ake sake ta. Iska kuma a mayar da ita abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Lambar 44 ko 51 da ke gefen taya iyakar abin da za ta jure ce, ba abin da motarka ke so ba. Wanda bai saya ba tukuna, ya ce a kawo tayar shagon mai facinsa kafin ya biya, ya nemi rasit mai adireshi. Ni da na waiwayi tawa hirar da shi, sau uku na tambayi inda shagonsa yake, sau uku yana cewa kaya suna sito.

Jiya na koma wurin Baba karɓar tayoyin don in kai su shaida. Na tarar ya tsaga ukun da suka rage da wuƙa tun daga baki har zane. Na ce me ya sa? Ya ce da safe wani yaro ya tsaya da babur, ya juya su, ya ce zai ba da dubu huɗu huɗu, wai akwai mai gyarawa.